Kwano Ba Ya Komawa Wayam

Shekara sha tara ina tuƙa bas a Sheffield,
ban taɓa cin ganye da son raina ba,
sai ran da likita ya ɗaure mini dantse,
ya dubi na'urarsa, ya dube ni,
ya ce, Malam Tanimu, kai da tsire sai dai gaisuwa.

Na fito ina ƙunƙuni har bakin titi.
Ni ba zomo ba, ni ba tunkiya ba.

Ƙarshen Oktoba, rana ta fara rowa,
tun kafin biyar duhu yake leƙo taga.
Maureen ta maƙwabta, mai gashi kamar auduga,
ta miƙo kwano ta saman shinge:
tuffa bakwai daga bishiyarta,
biyu tsuntsu ya riga ni ɗanɗanawa,
da wata gyaɗa mai siffar ƙwaƙwalwa,
da yankin cuku a naɗe cikin takarda.

Na buɗe cukun, na yi salati.
Fumfuna shuɗiya ta ratsa shi kamar jijiya.
A garinmu ko kare sai ya yi shawara.
Nusaiba ta yi dariya har da riƙe ciki:
Baba, haka ake son sa, da tsada ma ake saye.
To, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya,
ba ka tsayawa tambayar wa ya fara.

Na fere kabewa, wuƙa na ƙorafi,
na shafe ta da man zaitun,
gishiri ɗan ƙiris, don likita yana nan a zuciya,
na tura ta tanderun lantarki.
Gyaɗar farko ta ƙone ƙurmus,
ƙararrawar hayaƙi ta dinga kururuwa
ina yi mata fifita da hula.
Ta biyu na tsaya a kanta
kamar yadda nake tsayawa wa tsohuwa
har ta sami kujera kafin in ja mota.

Alayyafo, albasa, tuffa yanka-yanka,
kabewa da ta yi baƙi-baƙi a gefe,
lemon tsami, zuma rabin cokali.
Na ajiye cokalin, na sa hannu.

Nan ne yatsuna suka riga ni tunawa.
Kaka Delu a Malumfashi, bayan la'asar,
ƙwarya tsakanin ƙafafu,
tana murje ƙuli-ƙuli a kan zogale,
tana korar kaji da gefen zane,
tana cewa kowa ya wanko hannu.
Ganye, gyaɗa, tsami, gauraya.
Ashe kwaɗo ne ya sa kwat!
Shekaru ina wuce shi a kanti
ban gane ɗan'uwana ba.

Na hau kujera, na sauko da kwalbar
da ta zo cikin jakar Barau da salla,
na daka ƙuli-ƙuli uku da gindin kofi,
na barbaɗa yaji,
na marmasa cukun, ina kau da hanci.
Lomar farko ban ce komai ba.
Ta biyu ma.
Nusaiba ta jawo kujera ba a kira ta ba.

Kwano ba ya komawa wayam,
haka aka koya mana.
Na cika na Maureen, na miƙa ta shinge.
Ta ci a tsaye cikin yayyafi,
yaji ya kama ta, ta yi tari,
hawaye ya jiƙa tabaranta,
ta ɗaga hannu wai in dakata,
ta ƙara loma.

Da safe, zan fita aikin ƙarfe shida,
na tarar da kwanon a bakin ƙofa,
tuffa tara a ciki, da 'yar takarda:
wannan garin mai ruwan ƙasa, yaya sunansa?